Baƙo Raɓa Ne? Tunani a kan Saukar da Waɗanda Guguwa Ta Raba da Gidajensu

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. Wannan magana gaskiya ce idan baƙon fatake ne ko mai ziyara, domin yana da inda zai koma. To, amma yaya ke nan idan baƙon ba shi da gidan komawa, ruwa ya ci ɗakinsa da unguwarsa da wurin sana'arsa? Tambayar da nake so mu duba ita ce: wanda ya saukar da irin wannan baƙo, alheri ya yi masa wanda in ya ga dama ya janye, ko kuwa haƙƙi ya sauke wanda ke wuyansa? Zan kafa hujja da abin da ya faru a ƙasar Amurka bayan mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Katrina.

Ranar 29 ga watan Agusta, 2005, guguwar ta taso daga teku ta auka wa jihar Louisiana da maƙwabtanta. Birnin New Orleans kuwa wuri ne mai kwari, unguwanninsa da dama suna ƙasa da tsayin ruwan teku, ganuwa ce kawai da aka gina take tare ruwa. Da ganuwar ta ɓalle a wurare da yawa sai ruwa ya malale wajen kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutane fiye da 1,300 suka riga mu gidan gaskiya, dubun dubata kuma suka wayi gari ba su da matsuguni. An yi shelar kowa ya fice tun kafin guguwar ta iso, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota. Saboda haka talakawa da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda galibinsu baƙar fata ne, su aka bari a baya. Aka cunkusa dubbai a babban filin wasan nan na Superdome, daga bisani aka kwashe su cikin manyan motoci zuwa birnin Houston na jihar Texas, tafiyar mil 350, aka sauke su a wani filin wasan mai suna Astrodome.

Abin da ya biyo baya abin yabo ne ƙwarai. Masunta da masu ƙananan jiragen ruwa suka shiga birnin don kansu suna tsamo mutane daga kan rufin ɗakuna. Wata ƙungiya mai suna MoveOn ta buɗe rajista a intanet inda duk mai ɗakin da babu kowa a ciki zai rubuta sunansa, aka yi ta haɗa masu gida da masu neman masauki, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Coci-coci da masallatai suka tara abinci da tufafi. Mutanen Houston su kaɗai sun karɓi baƙi fiye da 100,000, suka nema musu ɗakunan haya, suka sa 'ya'yansu a makaranta. Haƙiƙa duk wanda ke shakkar cewa akwai tausayi a zuciyar ɗan Adam, ya dubi waɗannan makonni.

Amma fa tausayi yana da halaye biyu waɗanda ya kamata mu lura da su. Na farko, tausayi yana gajiya. Kamar wutar kara yake, ya tashi bal-bal ya mutu nan da nan, alhali kuwa sake gina rayuwar iyali aiki ne na shekaru. Ba a yi shekara guda ba aka fara jin ƙorafi a Houston cewa baƙin nan sun cika makarantu, sun kawo laifuffuka, ya kamata su san inda dare ya yi musu. A farkon 2006 hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, watau FEMA, ta daina biyan kuɗin otal ɗin da ta saukar da mutane. Iyalai da yawa suka koma zama cikin ƙananan ɗakunan tafi-da-gidanka da hukumar ta raba, waɗanda a 2008 hukumomin lafiya suka tabbatar da cewa da yawansu suna fitar da wani sinadari mai cutar da numfashi. Ashe wahalar mai gudun bala'i ba a makon farko take ba, sa'ad da kowa ke kawo masa kwano. Tana zuwa ne a wata na shida, sa'ad da aka daina ambatonsa a rediyo.

Hali na biyu shi ne tausayi yana zaɓe. Mutum ya fi jin zafin ciwon wanda ya yi kama da shi. A cikin sanarwoyin ba da masauki da aka yi a lokacin, an sami waɗanda suka rubuta ƙarara cewa farar fata kawai suke so. A ranakun farko na ambaliyar, 'yan sandan garin Gretna sun tare gadar da ta ƙetare kogin Mississippi, suka mayar da mutanen da ke ƙoƙarin ficewa daga New Orleans a ƙafa. Daɗin daɗawa, a 2006 majalisar gundumar St. Bernard, wadda galibin masu gidajenta fararen fata ne, ta kafa dokar cewa kada mai gida ya ba kowa haya sai ɗan'uwansa na jini, in ba da izininta ba. Sai da aka kai ƙara kotu sa'an nan aka janye dokar. Mai karatu ya lura, waɗanda suka yi dokar nan su ma ruwa ya ci gidajensu. Bala'i ɗaya ya same su duka, amma bai sa sun ga juna a matsayin 'yan'uwa ba.

Wannan shi ya sa na tsaya a kan cewa saukar da wanda bala'i ya kora haƙƙi ne. Hujjata ta farko ita ce babu wanda ya tsira saboda cancantarsa. Mutumin Houston bai fi mutumin New Orleans kirki ba, guguwa ce kawai ta bi ta wata hanya, kuma ga shi a 2017 wata guguwar mai suna Harvey ta nutsar da unguwannin Houston ɗin kanta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka fara taya shi kashe tasa. Hujja ta biyu ita ce bala'in ba na iska da ruwa kaɗai ba ne. Binciken masana ya nuna cewa ganuwar birnin, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya gina, tana da kurakurai tun daga tsarinta. Talaucin da ya hana mutane mallakar motar gudu shi ma ba guguwa ce ta kawo shi ba. Abin da sakacin al'umma ya jawo kuwa, al'umma ce za ta biya, kuma ba a kiran biyan bashi kyauta.

Na san wani zai ce, "Kai malam, ka cika son magana. Ni da matata da 'ya'yana muke zaune a ɗaki biyu, ta yaya za ka wajabta mini saukar da wanda ban san halinsa ba, har illa ma sha Allahu?" Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa zan yi watsi da ita ba. Mai gida yana da haƙƙin kare iyalinsa, kuma ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amsata ita ce haƙƙin yana wuyan jama'a baki ɗaya, kamar yadda suturar mamaci take: in wasu suka yi ta wadatar, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Wani ɗaki zai bayar, wani kuɗin haya, wani ya raka baƙo ofis ya cike masa takarda, wani kuma ya matsa wa hukuma lamba ta yi aikinta. Uzurin rashin hali karɓaɓɓe ne. Uzurin da ba ya karɓuwa shi ne na cewa launin fatar mutum ko ƙabilarsa ko addininsa bai yi mini ba.

Akwai kuma wata fa'ida a ɗaukar abin a matsayin haƙƙi, ita ce kare mutuncin wanda ake taimako. Mai karɓar sadaka kansa a sunkuye yake, ba ya iya cewa wannan bai dace da ni ba. Mai karɓar haƙƙinsa kuwa ana shawara da shi. A unguwar Algiers ta New Orleans, wani mazaunin wurin mai suna Malik Rahim da abokansa sun kafa ƙungiyar Common Ground a watan Satumba na 2005, suka buɗe ɗakin shan magani kyauta a cikin wani masallaci, kuma aƙidarsu ita ce su kama wa mutanen unguwa aikin da su mutanen suka zaɓa. Ɗaliban jami'o'i irinmu, dubbansu, sun sadaukar da hutunsu na 2006 suka je suna kwashe laka da ruɓaɓɓen katako daga gidajen mutane don masu su su sami komowa. Haka nan ƙungiyar Habitat for Humanity ta gina gidaje fiye da 70 a wata unguwa da aka keɓe musamman don makaɗa da mawaƙan birnin. Ba kyauta aka ba su ba: kowane mai gida sai da ya sa hannu a aikin ginin, sa'an nan ya biya sannu a hankali ba tare da kuɗin ruwa ba. Wannan ya yi kama da aikin gayya da muka sani a karkara, inda mai gona yake cikin sahun masu noma, shi ne kuma mai nuna inda kunya za ta bi. Mu tuna kuma da labarin Abdurrahman ɗan Aufu bayan hijira zuwa Madina, wanda mai masaukinsa ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mai masauki na gari shi ne wanda ya san hanyar kasuwar.

Duk da wannan ƙoƙari, aikin sa-kai bai iya rufe ramin ba. A ƙidayar 2000 mutanen New Orleans sun kai wajen 485,000, a ta 2020 kuwa wajen 384,000 ne, kuma mafi yawan waɗanda ba su komo ba baƙar fata ne. Masu aikin sa-kai suna iya gyara ɗaki, amma ganuwa da asibiti da makaranta sai hukuma. Saboda haka duk ɗan agajin da ya yi shiru a kan sakacin hukuma, rabin aikinsa ya yi.

Kada mu ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kawai. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, muka ga irin wannan tururuwar taimako a makon farko. Ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa ko ya sake waiwayar mutanen nan bayan wata shida. Baƙon da ruwa ya koro ba raɓa ba ne, maƙwabci ne, kuma ba a sauke haƙƙinsa ba sai ranar da ya riƙe makullin ƙofarsa a hannunsa.

Allah Ya kiyashe mu da bala'i, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ya shafa.