Ajiya Muka Bayar, Ko Aro?

Duk wanda ya taɓa raba dare yana gyaran babi guda a cikinmu ya san fargabar da kan kama marubuci idan rubutunsa ya bar hannunsa. A da, abin tsoronmu bai wuce gara da yoyon damina ba, sai kuma mai tafireta da zai ɓatar da shafi goma ya rantse bai taɓa ganinsu ba. Yau kuwa akasarinmu a waya ko kwamfuta muke rubutu, kuma da mun ɗiga aya sai rubutun ya wuce wata ma'ajiya ta intanet, irin su Google Drive da Dropbox, watau waɗansu manyan kwamfutoci da ke girke a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Kafin a buɗe mana ƙofar wannan rumbu, sai da aka shimfiɗa mana sharuɗɗa masu tsawon gaske, muka danna alamar yarda ba tare da mun karanta ko layi biyu ba. To, wace irin hulɗa ke nan muka ƙulla? Ajiya muka bayar, ko aro?

Kada a ɗauka wasa da kalmomi muke yi, domin kuwa malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Wanda aka ba ajiya ba shi da ikon morar kayan, saboda haka idan suka salwanta ba da sakacinsa ba, ba a tilasta masa biya. Amma da zai ɗauki rigar da aka ba shi ajiya ya sa ya tafi biki, ta yage, to sai ya biya. Mai aro kuwa an yarje masa ya mora, shi ya sa a mazhabar Malikiyya idan abin da ya ara irin wanda ake iya ɓoyewa ne, kamar tufa ko littafi, ya zo ya ce ya ɓata, biya zai yi, sai fa in ya kawo shaida. Hikimar a fili take: inda moro yake, nan lamuni yake.

Bari mu auna kamfanonin da wannan ma'auni. Lokacin da aka buɗe Google Drive a watan Afrilu na 2012, sharuɗɗan kamfanin sun ce abin da ka ɗora naka ne, ba a raba ka da shi ba. Madalla. Sai dai a gaba kaɗan suka ce ka ba kamfanin izini, a ko'ina cikin duniya, ya kwafi aikin, ya yi masa gyara, ya fitar da wani aiki daga cikinsa, ya wallafa, ya rarraba, domin gudanar da hidimominsa da tallata su da inganta su da ƙirƙiro sababbi. An yi ta cece-kuce, kamar yadda aka yi wa Dropbox a 2011, kuma tun daga lokacin an sake rubuta sharuɗɗan fiye da sau ɗaya.

Adalci shi ne mu faɗi hujjarsu, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Na'ura ba ta iya ajiye rubutu sai ta kwafe shi, galibi a wurare da dama don kada gobara a gini ɗaya ta cinye shi. Ba ta iya nuna maka shi a waya sai ta sauya masa siffa. A idon dokar haƙƙin mallaka kuwa, kowane kwafi yana bukatar izinin mai shi. Wannan mun yarda. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, me ya kawo ƙirƙiro sababbin hidimomi cikin zancen ajiya? Wannan ai moro ne tsantsa.

In moro ne, ina lamunin? A nan gizo ke saƙar. A watan Maris na 2019, kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙa miliyan 50. Aikin shekara goma sha biyu ya tafi, abin da mawaƙan suka samu shi ne ban haƙuri. A 2022 kuma, a ƙasar Sin, manhajar rubutu ta WPS ta kulle wa wata marubuciya daftarin littafinta mai kalmomi sama da miliyan ɗaya, bisa zargin yana ɗauke da abin da ya saɓa doka. Littafin nata ne, babu mai musu, amma tana waje, shi yana ciki. Ashe dai mallakar da ba ta zo da makulli ba suna ce kawai. Kamfani ya ɗauki daɗin mai aro, ya haɗa da sauƙin mai riƙon ajiya, ya bar mana asarar duka biyun.

Zuwan na'urori masu koyon rubutu da zane daga ayyukan mutane ya ƙara wa al'amarin nauyi. A watan Yuni na 2024, masu zane suka yi wa Adobe ca a kan sababbin sharuɗɗansa, har sai da ya fito ya rubuta ƙarara cewa ba zai horar da irin waɗannan na'urori da ayyukan da abokan cinikinsa suka ajiye ba. Mu lura, hayaniya ce ta jawo wannan alkawari, kuma hannun da ya rubuta shi yana iya sake rubuta shi gobe. Mu ba mu da ikon sauya ko waƙafi.

Sai dai mu ma ba za mu wanke kanmu tas ba. Mu da muke cika baki da cewa kalma ce sana'armu, mu ne muke sa hannu a kan kalmomin da ba mu karanta ba, don kwaɗayin gigabayit 15 na kyauta. A ranar 1 ga Afrilu 2010 wani kantin wasannin kwamfuta a Ingila mai suna GameStation ya cusa wani sharaɗi na barkwanci, cewa mai saye ya mallaka wa kantin ransa, kuma mutum kusan 7,500 suka yarda. Muna iya dariya, amma da muna cikinsu da mun danna. Za a ce yardar da aka bayar cikin rashin sani ba cikakkiya ba ce, kuma wanda ya tsawaita sharuɗɗa da gangan don ya san ba za a karanta ba yana da nasa alhakin. Haka ne. Amma doka ba ta cika sauraron wannan uzuri ba. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, sayar da haƙƙi ɗungurungum sai a rubuce, amma izinin da bai keɓanta ga mutum ɗaya ba ana iya fahimtarsa ko daga aikin mutum kawai.

Akwai kuma waɗanda ba a shawarce su ba sam, watau magadanmu. Wannan doka ta ba su haƙƙin littattafanmu har shekara 70 bayan rasuwarmu. Google kuwa ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke ciki. Marubucin da ya rasu da kalmar sirrinsa a ka, ya bar littafi uku da bai buga ba, 'ya'yansa suna da shekara 70 a takarda, amma shekara biyu ce a gabansu su gano inda ya ajiye.