Kyautar Mai Bashi

Idan mutum ya rasu ya bar dukiya, malaman fiƙihu ba su yarda a fara da wasiyyarsa ba, komai kyawunta. Ko da ya ce a gina masallaci, ko a haƙa rijiya a bakin kasuwa, sai an fitar da kuɗin likkafani, sannan a biya duk wanda yake binsa bashi, abin da ya saura shi ake duba sulusinsa don cika wasiyya. Hikimar wannan jeri a fili take: abin da ake binka ba naka ba ne, don haka ba ka da ikon yin kyauta da shi. Da wannan ma'auni nake so in auna wata al'ada da ta zama yayi a tsakanin kamfanonin yawon buɗe ido, wato shelanta cewa kamfani ya ɗauki alkawarin sulhu da 'yan asalin ƙasar da yake kai baƙinsa, kuma yana ware wani abu daga ribarsa don taimakon al'ummarsu.

Al'adar tana da tushe mai nauyi. A Kanada an shafe fiye da ƙarni guda ana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, ana kai su makarantun kwana inda ake hana su harshensu da al'adunsu. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta waɗannan makarantu, wasu kuwa ba su koma gida ba har abada. Hukumar Gaskiya da Sulhu da aka kafa a 2008 ta kammala aikinta a 2015 da kiraye-kiraye 94, kuma na 92 daga ciki ya fuskanci 'yan kasuwa kai tsaye: ya nemi kada su fara wata harka a ƙasar mutanen nan sai da yardarsu, yarda ta son rai, wadda aka nema tun kafin a fara aiki, bayan an yi musu cikakken bayani. Daga nan kalmar sulhu ta shiga takardun talla. Kamfanin da ke kwasar baƙi zuwa duwatsu da tafkuna yakan ambaci sunan ƙabilar da ke da wurin, ya ba da tallafin karatu, ya sayi kayan saƙarsu ya ajiye a kantinsa. Ban ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya dame ni shi ne sunan da aka raɗa musu. Kiran hukumar ya yi maganar yarda, amma abin da ya fi yawa a aikace kyauta ce, kuma tsakanin biyun akwai rata mai faɗi. Kyauta tana hannun mai bayarwa: shi ke zaɓar yawanta da lokacinta, shi ke dakatar da ita ranar da ciniki ya ja baya, kuma shi ake yi wa godiya. Yarda kuwa tana hannun mai wuri, kuma ba ta da wata ma'ana sai idan yana da ikon ya ce a'a.

Labarin dutsen Uluru na ƙasar Ostareliya ya nuna wannan rata ƙarara. Turawa sun sa masa suna Ayers Rock a 1873, suka mai da hawansa abin alfahari ga matafiya, alhali mutanen Anangu suna ɗaukarsa wuri mai alfarma. Ranar 26 ga Oktoba, 1985, gwamnati ta mayar musu da mallakar dutsen, bisa sharaɗin su ba hukumar gandun daji hayarsa na shekara 99. Suka samu kaso daga kuɗin shiga, wasunsu suka samu aikin rakiyar baƙi. Duk da haka an ci gaba da hawa. Suka kafa alluna a gindin dutsen suna roƙon baƙi da su daina, masu kunya suka daina, marasa ita suka wuce allon suka hau. Sai a 2017 kwamitin kula da wurin, wanda Anangu ke da rinjaye a cikinsa, ya yanke hukuncin rufe hanyar, aka kuma rufe ta ranar 26 ga Oktoba, 2019. Shekara talatin da huɗu ke nan mutum yana riƙe da takardar gidansa yana roƙon baƙo ya tuɓe takalmi. Kuɗin shiga bai taɓa zama amsar wannan roƙo ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Karakkai da dutsen Ostareliya, mu da ko zuwa gona sai da addu'a. Gaskiya ne, yau babu kamfanin da zai ɗauko baƙo ya biyo da shi hanyar Tsafe zuwa Gusau don kallon duwatsu. Amma duk wanda ya bi wannan hanya ya ga dutsen Kwatarkwashi ya san cewa ranar da ƙura ta lafa, masu kyamara za su zo. Dutse ne mai tarihi, wanda sunansa ya haɗu da tsohon addinin Maguzawa da bikin kamun maiki, kuma irin wannan tarihi shi ne hajar da kasuwar buɗe ido ta fi so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu yi wannan tunani yanzu da babu kowa a ƙofa, kafin wani ya zo da motar buhunan shinkafa da takardar izini a aljihu. Takardar kuwa ba daga hannun mutanen gindin dutse za ta fito ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, don haka kamfani zai iya cika duk sharuɗɗan doka a ofisoshin Gusau ba tare da ya zauna da tsoho ko ɗaya na garin ba.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa idan aka yanke hukunci a kan ƙasar mutane ba da su ba. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin, aka kammala a 1978. An kawo ta da sunan alheri, noman rani da wadatar abinci. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka baje filayensu aka sare itatuwansu, suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen ƙauyukan da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Masu noman fadama a ƙasan madatsar su ma suka rasa ambaliyar da suka gada suna dogaro da ita. Kamfanin buɗe ido ba madatsar ruwa ba ne, ba ya nutsar da gari. Amma hanyar tunanin ɗaya ce: mun san abin da zai amfane ku, ku dai ku karɓa ku gode.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa don kare kamfani, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Zai ce: ni ban ƙwace ƙasar kowa ba, ban kafa doka ba, ban raba ɗa da uwa ba, na zo na tarar da abubuwa haka, in na ba da wani abu, alheri na yi, don me za a kira ni mai bashi? Amsar tana cikin wani babin fiƙihun. Wanda ya sayi saniyar sata bai sani ba, ba ɓarawo ba ne, babu mai yanke masa hukuncin ɓarawo. Amma idan mai saniya ya bayyana da shaidunsa, sai ya karɓi abarsa, kuma mai sayen ba zai ce ga ƙwaryar nono ka yi haƙuri ba. Rashin laifi bai share hakki ba. Kamfanin da ke sayar da kallon dutse, da labarin iskokinsa, da hoton fuskar tsohuwar da ke gindinsa, yana cin riba daga abin da wasu suka yi ƙarnoni suna tsarewa, kuma sauƙin da ya samu wajen shiga ya samo asali ne daga raunin da tarihi ya bar musu. Abin da zai fitar daga wannan riba kuɗin haya ne. In ya kira shi sadaka, ya ci riba biyu, ya rage bashi kuma ya sayi suna.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin daga bakin namu take fitowa. Uwar da ɗanta ke shan ruwan gulbi ba za ta tsaya tantance ko rijiyar burtsatse kyauta ce ko hakki ba, kuma wanda ya ƙoshi ne kawai zai zarge ta. Ni ma ba na cewa a mayar da rijiyar. A karɓa, a sha. Abin tsoron shi ne abin da Bahaushe ya riga ya hango, cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya. Garin da aka gina wa aji biyu da sunan alheri zai ji nauyin cewa kada a ɗauki hoton wancan kogo, ko kada a biya samari su kwaikwayi bikin da kakanninsu suka bari bisa dalilin addini, don kawai baƙo ya samu abin nunawa a Facebook. Garin da ya karɓi kasonsa bisa rubutacciyar yarjejeniya ba ya jin wannan nauyi. Rijiyar ɗaya ce, ruwan ɗaya ne, amma na biyun yana sha kansa a ɗage.

Sai dai inda maganar ta fi wuya shi ne tambayar wane ne mai wurin. A Kanada da Ostareliya layin a bayyane yake, akwai waɗanda suka zo ta jirgin ruwa, akwai waɗanda aka tarar. A nan ba haka ba ne, kuma wataƙila yana cikin abin da ya sa Nijeriya ta ƙaurace wa ƙuri'a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin 'yan asali a 2007. Kalmar ɗan asali a ƙasarmu wuƙa ce, ta sha yanka maƙwabta. A kewayen dutse ɗaya akwai zuriyar Maguzawa da suka musulunta, da manomin da kakansa ya zo cirani ya zauna, da Bafulatanin da burtalinsa ya bi ta nan tun kafin a mai da shi gona. Kamfanin da ya zaɓi ɗaya ya ce shi ne ɗan asali ya zuba fetur a wutar da muke fama da ita. Wanda kuma ya kai kyautarsa fada ya ɗauki hoto da masu rawani ya gaida sarauta, wanda ya dace, amma bai ji ta bakin matar da ke itace a gindin dutsen ba, ko yaron da ke kiwo a bayansa. A ganina, ma'aunin da ya fi aminci a wurinmu shi ne a tambayi wanda rayuwarsa za ta canja idan motocin baƙi suka fara tsayawa, ko daga ina kakansa ya fito.

Kalmar sulhu kanta ta sha wahala a jiharmu. A 2019 gwamnati ta yi sulhu da 'yan bindiga, aka yi taruka aka yi rantsuwa, bai daɗe ba ya warware. Ƙauyuka da dama kuma sun san wani sulhun, wanda ake tara kuɗi a kai daji don a samu izinin girbi. A duka biyun babu wanda ya tsaya ya faɗi abin da ya aikata. Mutanen da suka ɗanɗani wannan ba za a ruɗe su da kalmar a kan takardar talla ba. Idan wakilin kamfani ya zo Kwatarkwashi da ita a bakinsa, za a shimfiɗa masa tabarma a ba shi ruwa kamar kowane baƙo, sannan wani dattijo ya tambaye shi kujera nawa 'yan gari za su samu a kwamitin da zai tsara inda za a taka da inda ba za a taka ba, kuma in suka ce a rufe wata hanya a tsakiyar lokacin ciniki, wa zai riƙe makullin.