Masu tsaron ƙofa tun cuta ba ta iso ba

Sannunku da aiki, likitocin dabbobi! Sannunku ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da ku masu wanke kejin birai tun asuba, waɗanda sunanku ba ya fitowa a jarida. Wa ya ce aikinku ƙarami ne?

A 1964 wani zazzaɓi mai sa zubar jini ya afka wa biran bincike a Sukhumi ta Tarayyar Sobiyet, da kuma Bethesda a Amurka. Biran Asiya suka yi ta mutuwa, kusan duk wanda ya kamu sai ya tafi. Abin mamaki, biran Afirka, irin su jan birin nan da ke ɓarna a gonakinmu na Sahel, suna ɗauke da ƙwayar cutar lafiya lau, ko atishawa ba sa yi. Ana zargin allura ɗaya da aka yi wa birai daban-daban ce ta yaɗa ta. Allura ɗaya fa! To, mai canza allura kowane karo ba tare da ƙosawa ba, ai shi ne katangar farko.

Ƙwayar tana da dangi. Akwai wadda aka gano a dawakai a Ohio a 1953, mai sa goɗiya ɓari. Akwai ta ɓeraye. Akwai ta aladu da ta ɓulla a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke jawo wa manoman Amurka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli duk shekara. Masu bincike suka dafe mata har suka gano ƙofar da take bi ta shiga jiki, wato CD163, sannan a Jami'ar Missouri aka samar da aladu marasa wannan ƙofa, cutar ta rasa hanya. Shekaru nawa aka kwashe kafin nan? Da yawa. An daina? Ina!

A 2022 masana a Jami'ar Colorado suka nuna cewa ƙwayar biran tana iya shiga ƙwayoyin jikin ɗan Adam a cikin kwanon gwaji. Har yau ba a samu mutum ko ɗaya da ya kamu ba, kuma nan ne darajar aikin take: ana gina rijiya tun ƙishirwa ba ta zo ba.

Albashi na iya makara, lantarki na iya ɗaukewa, firij ya huce. Ku tashi injin, ku sake ɗaukar jinin, ku rubuta sakamakon da kyau. Ku sa safar hannu, ku koma bakin aiki!