Shin kai kare wurin likita almubazzaranci ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a nan Yantala akwai masu ajiye karnuka domin gadin lambuna a bakin kogi. Wasu suna cewa: ta yaya za a biya wa kare kuɗin allura alhali maƙwabci bai ci abincin dare ba?

Mun yarda cewa haƙƙin ɗan Adam yana gaba. Sai dai wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana. Hadisi ingantacce ya ba mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Sannan allurar kare kariya ce ga ɗan maƙwabcin. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, da yawansu yara, kuma in alamunsa suka bayyana da wuya a tsira. Rigakafinsa kuwa sananne ne tun 1885, zamanin Louis Pasteur.

Saboda haka wanda ba zai iya ciyar da kare da kai shi wurin likitan dabbobi ba, kada ya ajiye shi. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya garzaya asibiti.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.