Hukuncin Mai da Cinikin Ofshin Sana'a

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga unguwar Koki, na karanci harkar kuɗi a jami'a. Ina cinikin ofshin a kan hannun jarin kamfanonin Amurka ta waya, kuma ina so in riƙe shi sana'a. Mahaifina ya ce caca ce. Abokaina sun ce kafin alƙalami ne, kuma Hambaliyya sun halatta shi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, hannun jari shi kansa ba shi ne abin damuwa ba, muddin sana'ar kamfanin halal ce. Ma'aunin hukumar AAOIFI ta Bahrain sananne ne: bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya haura kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ba na halal ba kada ya haura kashi 5 na dukan kuɗin shigarsa, kuma ka fitar da rabonka daga cikinsa. Akwai malaman da ba su yarda da wannan rangwamen ba, wanda ya bi su ya fi kuɓuta.

Sai batun kafin alƙalami. Ko shi ɗin, a mazhabarmu ta Malikiyya bai halatta mai kaya ya riƙe shi idan ciniki ya watse ba, kuma Imam Malik ya ruwaito hanin a cikin Muwaɗɗa. Gaskiya ne Imam Ahmad ya halatta, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta ɗauki ra'ayinsa a 1993. To mu ɗauka mun bi su. Shin ofshin ya shiga ciki?

Bai shiga ba. Ga misalin kafin alƙalami: ka taya dilar atamfa a Kantin Kwari, aka sallama a miliyan ɗaya, ka ajiye dubu ɗari. Ciniki ya ƙullu, ga kaya a shago, ranar ɗauka dubu ɗari tara za ka cika. Kuɗin da ka ba da wani yanki ne na farashi. A ofshin kuwa, abin da ka biya ba a cire shi daga farashin hannun jarin ko ka saya. Damar saye ko sayar da hannun jarin a wani farashi kawai ka saya, ita ce hajar, kuma gobe ka sayar wa wani ita, shi ma ya sayar. Sau da yawa wanda ya sayar maka bai mallaki hannun jarin ba, kai ma ba ka da niyyar karɓa, bambancin farashi kuke jira: abin da ka ci, shi ne abin da ya rasa. Zaɓin sharaɗi da fiƙihu ya sani yana cikin ciniki ne, ba a ware shi a yi masa farashi. Ita wannan majalisar da abokanka za su kafa hujja da ita, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa ofshin ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ake karɓar musaya a kansa ba, don haka ƙulla shi da sayar da shi duk ba su halatta ba. A kan wannan nake. Mahaifinka ya fi kusa da daidai.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda matasa ke fara harka, sai kuɗi ya shiga sannan a bazama neman malamin da zai sa albarka. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin Hambaliyya ba, yau ya zama Bahambale saboda mas'ala ɗaya! Mafi muni, wasu na karɓar kuɗin adashin iyaye mata su zuba, alhali raɗaɗin damfarar MMM ta 2016 bai gama barin gidaje ba.

Karatunka ba zai tafi a banza ba. Tun 2012 kasuwar hannun jari ta Najeriya take da jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a tare da Lotus Capital, kuma a 2017 gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk na naira biliyan 100. Dillanci, nazarin kamfanoni da ba da shawara a wannan fagen halal ne, la'adarka halal ce. Idan ka samu aiki, ka sharɗanta ba za ka zauna a sashen ofshin ba. Abin da ke hannunka yanzu, ka cire uwar kuɗinka, ragowar ka ba mabuƙata ba da niyyar sadaka ba, ka nemi gafara.

Allah ne mafi sani.