Jini Ne Ke Yin Ɗan Ƙasa?

A ƙasar Holan an yi wani mawaƙi mai suna Hendirik Tolens, ɗan kasuwa ne a birnin Rotadam, ya rasu a 1856. A zamaninsa ba wanda ya kai shi suna. Yau kuwa abin da ake tunawa da shi kawai shi ne taken ƙasar da aka ajiye a 1932. Taken nan yabon mutanen da jininsu bai gauraya da na baƙo ba ne, kuma wannan magana ita ce ta zama wa jikokinsu abin kunya.

Kada mu yi saurin yi masa dariya, ya ɗan'uwa. Taken Kamaru ma ɗaliban makarantar mishan ta Fulasi ne suka tsara shi a 1928, aka gyara kalmominsa a 1970 domin sun kira kakanninmu marasa wayewa. Yaran nan ba mugaye ba ne. Abin da aka koya musu suka rera.

Amma batun jini ya fi damuna, gama mu mazauna New Bell mun san shi a jikinmu. A 1914 Jamusawa suka kori mutanen Duwala daga tudun Bonanjo domin Bature ya zauna shi kaɗai, suka rataye sarki Rudolf Duwala Manga Bell da ya ƙi yarda. Unguwar da aka tura korarru ita ce ta karɓi Bahaushe da Bamileke da Basa. Duk da haka har yanzu akan tambayi wanda aka haifi kakansa a nan: ainihi daga ina kake? Bahaushe Kirista kuwa sau biyu yake amsa tambayar, a titi da kuma cikin danginsa.

Wani zai ce ƙasa ba ta tsayawa sai da asali, wanda bai san kabarin kakansa ba ba zai tsare ƙasa ba. Akwai gaskiya a ciki, Manga Bell saboda ƙasar kakanninsa ya mutu. Sai dai ƙaunar gado daban, ƙyamar baƙo daban. Matiyu da ya jera kakannin Yesu bai ɓoye Rut ba, Bamowabiya, baƙuwa mai kala a gonar Bo'aza. Da taken Tolens ake rerawa a Baitalami, da kakar mahaifin sarki Dawuda ba ta da bakin shiga.