Wa'adin Mulki da Nauyin Rantsuwa

Ya ku ƴan'uwa, akwai tambayar da ta cancanci mu tsaya a kanta: in shugaba yana aikin alheri, kuma wa'adinsa ya cika, shin ya halatta ya zarce don ya ƙarasa aikin?

Mu a Nijar mun ga wannan da idonmu. Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa shekara 5, sau biyu kawai. A kansa aka zaɓi Tandja Mamadou a 1999 da 2004, ya kuma dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye shi. Da ƙarshen wa'adin ya matso a 2009, sai aka taso da kiran tazarce, aka ce a bar shi ya kammala madatsar ruwan Kandaji da matatar mai ta Damagaram. Kotun tsarin mulki ta ƙi, aka rushe ta, kamar yadda aka rushe majalisar dokoki. Zaɓen raba-gardama na 4 ga Agusta 2009 ya ƙara masa shekara 3. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da shi. Matatar kuwa an buɗe ta a 2011, ba ya bisa kujera.

Wani zai ce: ai halifofi shiryayyu ba a yanka masu wa'adi ba. Gaskiya ne, domin ba a sa wannan sharaɗi cikin mubaya'arsu ba. Amma wanda ya karɓi amana bisa sharaɗi, ya kuma sa Allah shaida, to sharaɗin ya hau wuyansa. Kyawun aikinsa ba ya warware rantsuwarsa, kamar yadda kyautata wa rancen dabba ba ya mayar da ita taka.

Mu dubi rijiya a ƙasar Dakoro lokacin bazara. Makiyayi yakan jira da garkensa cikin rana, domin ya tabbata wanda ke riƙe da guga zai saki in lokacinsa ya cika. Ranar da mai guga ya ce shanunsa sun fi ƙishirwa, ba zai saki ba, ranar ce sanda ke maye gurbin haƙuri. Haka mulki yake: wa'adi ne ke sa wanda ya faɗi zaɓe ya koma gida ya jira.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan shugabanni. Tazarce ba ta tsayawa sai da masu tafi, kuma daga cikinmu suke fitowa. Mu tambayi kanmu: a kwamitin masallaci, ko a ƙungiyar manoma, mukan sauka in lokacinmu ya yi?

Allah ya sa mu cikin masu cika alkawari, ya ba shugabanninmu, masu kaki da masu babbar riga, ikon sauke amana a kan lokacinta. Amin.